Maki a jirgin Habasha, kujera a jirgin Masar

Mu ɗaliban da ke karatu a Alƙahira, kuɗin jirgi ne ke yanke mana hukuncin inda za mu yi Sallah. Shi ya sa muka koyi lissafin makin tafiya, kuma muna so ƙannenmu masu burin karatu a waje su san shi tun kafin su karɓi fasfo.

Manyan kamfanonin jirage suna rubuta wa fasinjan da ya yi rajista maki duk lokacin da ya hau jirginsu. Idan makin ya taru, sai ya karɓi tikiti da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kamfanonin suna da ƙawance. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, da oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. EgyptAir ya shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian Airlines kuma a 2011, kuma dukkansu suna sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ke nan makin da aka tara a ShebaMiles, shirin kamfanin Habasha, zai iya sama wa mutum kujera a jirgin Masar.

A nan iyayenmu 'yan kasuwa suka shigo. Alhajin Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou ta Addis Ababa sau uku a shekara yana tara abin da mu ba za mu tara ba har mu gama digiri, don tafiya ɗaya daga Kano zuwa Alƙahira ba ta kai mil 2,000 ba. Da yawansu ko rajista ba su yi ba, wakilin tafiye-tafiye ne ke yanka musu tikiti, su biya su wuce. Yawancin shirye-shiryen kuwa sun yarda mai maki ya karɓar wa wani tikiti. Sayar da makin ne suka hana, kuma suna iya rufe asusun wanda aka kama.

Sai dai fa a sani, ba kyauta zalla ba ce. Harajin filin jirgi da wasu ƙarin kuɗaɗe suna nan, da kuɗi za a biya su. Kujerun da kamfani ke sakar wa abokan ƙawancensa kaɗan ne, kana iya ganin jirgi da sauran wuri a kasuwa amma babu ko ɗaya ta maki. Ga Sallah da hutun ƙarshen zango, lokacin da kowa ke son tafiya, sai an nema watanni kafin ranar. Mukan sa ranar Talata ko Laraba a lissafi, mu haƙura da ƙarshen mako.

A wurin kamfanin da makin yake ake neman tikitin, ba a wurin mai jirgin da za a hau ba. Ba a kuma haɗa makin shiri biyu, don haka mu shiri ɗaya muke riƙewa, mu ba da lambarsa a kowane jirgin ƙawancen. Tikiti mafi araha yakan kawo maki kaɗan, wani ma ba ya kawo komai, kuma maki yana mutuwa idan wa'adinsa ya cika.

Rajistar ba a biyan ko sisi. A rubuta suna daidai yadda yake a fasfo, don Muhammad da Mohammed mutum biyu ne a wurin kwamfuta, a kuma ajiye katin shiga jirgi har sai makin ya bayyana a asusu.