Wayar da Magina Ba Su Ja Ba

Masu sayar da tamostat ta zamani, wato na'urar da ke daidaita ɗumin gida kuma ake sarrafa ta da wayar salula, suna alkawarin cewa kowa zai iya ɗaura ta da hannunsa. A sabon gida maganarsu gaskiya ce. Gidan da nake zaune a Minneapolis kuwa ginin shekarun 1950 ne, kuma irinsa sun cika biranen Amurka da Kanada. A irin wannan gida, yawan wayoyin lantarki da magina suka binne a bango shi ke yanke hukunci, komai tsadar na'urar da mutum ya sayo.

Sai an fahimci tsohuwar kafin a gane matsalar sabuwar. Zagayayyiyar tamostat da kamfanin Honeywell ya fitar a 1953, wadda Henry Dreyfuss ya tsara siffarta, makunni ce kawai. A cikinta akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa da zafi, mai takurewa da sanyi, ɗauke da 'yar kwalba mai ɗigon zaiba. Idan ɗaki ya yi sanyi kwalbar ta karkata, zaibar ta gangara ta haɗa bakin wayoyi biyu, injin ɗumama gida ya tashi. Ba ta buƙatar wutar kanta, don haka wayoyi biyu sun ishe ta: R mai kawo bolt 24 daga ƙaramar taransifomar da ke cikin injin, da W mai mayar da umarnin a kunna ɗumi. Da aka fara sa na'urar sanyaya gida aka ƙara Y, ta fanka kuma G. Ina ganin ƙimar wannan tsari. Akwai gidajen da ya shekara hamsin yana aiki ba a taɓa shi ba.

Sabuwar kuwa, irin Nest da ta fito a 2011, kwamfuta ce mai allo da ke manne da intanet dare da rana. Tana cin wuta ko injin na aiki ko yana hutawa, kuma wuta ba ta gudana sai da hanyar zuwa da ta komawa. R ce ta zuwa. Ta komawa ita ce wadda ake kira C, kuma ita ce maginan da ba su ja ba, domin a zamaninsu babu abin da zai yi amfani da ita.

Saboda haka kafin a fitar da ko dala ɗaya, a kashe wutar injin daga akwatin makasan wuta, a cire fuskar tsohuwar tamostat, a ɗauki hoto. A karanta haruffan da ke jikin mahaɗan, kada a dogara da launi, domin mai wayarin ɗin wancan lokaci da abin da ya samu ya yi aiki. A kuma leƙa ramin bangon da kyau. Sau da yawa akan tarar da waya guda da aka naɗe aka tura ciki ba a haɗa ta da komai ba. Wanda ya same ta ya huta: sai ya haɗa ta da C a bango, ya sauka inda injin yake ya haɗa ɗaya bakin nata da C a can.

Idan babu, dabaru sun rage. Wasu na'urori suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ta wayar W ko Y su cika batirinsu. A gidaje da yawa hakan na tafiya lafiya, amma a wasu injin yakan riƙa kunnuwa yana mutuwa, ko batirin ya ƙare. Ni dai ban yarda da wannan dabara ba a garin da sanyin Janairu ke daskarar da ruwa a bututu har ya fasa shi. Mai gida yana tafiya, ɗumi ya tsaya, ya dawo ya tarar da rufi na zuba. Akwai masu mayar da G ta zama C, su haƙura da kunna fanka ita kaɗai. Ecobee na sa wani ɗan akwati a kwalinta da ake ɗaurawa a jikin injin, amma yana neman wayoyi huɗu. Mai biyu kacal, irin gidana, ko dai ya sa taransifoma ta daban a soket, ko ya ja sabuwar igiya mai wayoyi biyar. Na biyun na zaɓa, na kira mai sana'ar, domin tsohon bangon filasta ba ya jure wasa, kuma an kafe tsohuwar igiyar da ƙusa ta yadda ba za a ɗaure sabuwa a jikinta a jawo ba.

Wuri guda ne ba a gwaji. Idan aka cire fuskar aka ga wayoyi masu kauri, biyu ko huɗu, da aka murɗe bakinsu cikin hulunan roba, to wutar gida ce tsagwaronta, bolt 120 ko 240, wadda ke ciyar da hitocin lantarki na gindin bango. Tamostat ta bolt 24 za ta ƙone a nan, mai ɗaurawa kuma yana wasa da ransa. Wannan tsari yana da nasa na'urori, irin na Mysa. Ko a bolt 24 ma, idan R ta taɓa C wuta na kunne, fis ɗin injin zai tsinke, gida ya kwana ba ɗumi. Shi ya sa kaka ta fi dacewa da wannan aiki, tun hunturu bai kama ba.

Ɗan haya ya nemi izinin mai gida tukuna, ya kuma adana tsohuwar don ranar tashi. Wanda gidan nasa ne kuma kada ya jefa ta a shara muddin kwalbar zaiba na ciki. Guba ce, kuma ƙananan hukumomi suna da wuraren karɓar irinta.