Ku Koya Wa Yaro Jefa Fatsa Daga Tudu

Iyaye, da zarar Kogin Jama'are ya kawo ruwa, kun san halin yaranmu na ƙasar Katagum: sai su ɗauki fatsa su nufi gaɓa. Hani ba ya tsayar da su. Roƙona shi ne ku koya musu jifa mai nisa.

Yaro yana kutsawa ruwa har gwiwa ne don ƙugiyarsa ba ta kai inda tarwaɗa take. A wannan ruwan gefe mai ciyawa kuwa dodon koɗi yake, shi ke sakin tsutsar tsargiya. Tana huda fata, bayan watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. A kantin magani nan Azare na sha jin uwa ta ce alamar balaga ce. Wallahi ba balaga ba ce, mafitsara ce ta ji rauni.

Masu fatsa a bakin teku kan tsaya bisa yashi su wurga ƙugiya ta tsallake igiyar ruwa. Dabarar ba wuya: doguwar gora, siririn zare mai tsawo, da ɗan nauyi kusa da ƙugiya. Ku ɗaura ƙaramin noti, kada yaro ya matse dalma da haƙori, guba ce. Ya waiwaya ya tabbata babu kowa a bayansa, sannan ya wurga da juyin jiki gaba ɗaya.

Wanda ya riga ya ga jini, a kai shi gwajin fitsari. Praziquantel ne maganin, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa, bayan ya ci abinci. Amma in ya koma ruwan, cutar ma za ta dawo.