Kwamfutar Tafin Hannu: Hannun Wa Aka Auna?

Shekara bakwai ke nan ina jagorantar taron ƙara wa juna sani na ɗaliban ajin ƙarshe a jami'ar da nake koyarwa a nan Dutse. Kowane zango mukan ɗauki batu guda mu yi makonni muna tattauna shi, ɗalibi ya gabatar da takarda, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi. A zangon da ya gabata batunmu shi ne kwamfutar tafin hannu: daga ina ta faro, kuma ina ta dosa. Na zaci abin zai zo mini da sauƙi, domin darasi ne da na daɗe da haddacewa. Ashe akwai tambayar da ke jirana wadda ban taɓa tanadar wa amsa ba.

A zaman farko na zo da wata tsohuwar na'urar Palm da na saya a gwanjo lokacin da nake karatun digiri na uku, na miƙa ta ta zagaya aji. Aka yi ta juya ta ana dariya, wani ya ce, "Malam, ina kyamarar take?" Daga nan na shiga jero musu tarihi. A 1972 wani masani Ba'amurke, Alan Kay, ya yi hasashen kwamfutar da yaro zai riƙe kamar littafi, alhali a lokacin manyan kwamfutoci ɗaki guda suke cikawa. A 1984 kamfanin Psion na Birtaniya ya fitar da Organiser, wadda aikinta bai wuce ajiye 'yan bayanai da lissafi da nuna lokaci ba. A 1993 Apple ya kawo Newton da alƙawarin karanta rubutun hannu, amma ta riƙa karanta shi a baibai har ta zama abin ba'a, aka daina ƙera ta a 1998. A 1994 IBM ya haɗa waya da kwamfuta wuri guda a wata na'ura mai suna Simon, nauyinta rabin kilo, batirinta kuwa da ƙyar yake kai awa ɗaya. Sai Palm a 1996, sai BlackBerry, sai iPhone a 2007, sai wayar Android ta farko a 2008. Na bayyana musu cewa ƙashin bayan wannan tafiya shi ne abin da Gordon Moore ya lura da shi a 1965, ya kuma gyara lissafinsa a 1975: kusan duk shekara biyu ana ninka yawan tiransistocin da ake iya cusawa a ƙwaƙwalwar na'ura. Shi ya sa abin da ya cika ɗaki jiya, yau yake cikin aljihun ɗan acaɓa.

Ina cikin jin daɗin bayanina sai wata ɗaliba 'yar Birnin Kudu, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, a gafarce ni. Na bi sunayen da ka jero ɗaya bayan ɗaya, ban ji namu ba. Mu a ina muka shigo labarin?" Na amsa mata nan take: a 2001, lokacin da wayar salula ta iso Nijeriya. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, wannan ai ranar da muka fara saye ce." Aji ya yi tsit. Na ce mata za mu dawo kan batun a mako mai zuwa, kamar yadda kowane malami yake yi idan an ƙure shi.

Makon nan gaba ɗaya maganar ba ta bar zuciyata ba. Na tuna cewa kafin 2001 layukan tarho a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Na tuna kakarmu tana zaune a kan tabarma ana naɗar muryarta a kaset, domin a bai wa alhazai su kai wa ɗanta da ke zaune a Saudiyya. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki, ana sayen layi kaɗai a kan kuɗin da ya kai naira 20,000. A 2003 Glo ya zo da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, talaka ya samu shiga. Daga nan mutanenmu suka soma sarrafa na'urar ta hanyoyin da masu ƙera ta ba su yi tunani ba. Aka ƙirƙiro filashin, kira mara amsa da ke isar da saƙo ba a kashe ko kwabo ba. Aka buɗe shagunan caji da ɗan janareta. Aka samu masu tura fina-finai da wa'azi da karatun Alƙur'ani a katin memori, tun kafin data ta wadata. Aka samu samari a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano waɗanda ke farke wayar da aka ƙera a Sin su ta da ta, ba su taɓa shiga ajin injiniya ba. Saƙon murya na WhatsApp kuwa, da ya zo, kaset ɗin kakata ne ya dawo a sabuwar riga.

Ke nan ɗalibata ba ta yi daidai ɗari bisa ɗari ba; ba saye kaɗai muka yi ba. Amma wa ya zauna ya lura da abin da muke yi? Wani kamfani ne na birnin Shenzhen mai suna Transsion, mai ƙera Tecno da itel da Infinix. Mutanensa sun ga ɗan kasuwa na yawo da waya biyu ko uku saboda sabis ba shi da tabbas, suka yi masa waya mai layi biyu. Sun ga wuta ba ta zama, suka ƙara wa batir ƙarko. Sun ga kyamarori ba sa fito da baƙar fata yadda ya kamata, suka gyara tasu. Zuwa 2017 sun sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Sun zo daga nesa sun auna hannunmu, suka kwashi riba, mu kuwa da ke jami'a muna koyar da tarihin aljihun wasu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin Kawuna, wanda na sani sarai amma ban taɓa haɗa shi da darasina ba. Kawu manomin riɗi ne a ƙasar Kiyawa. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yana rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, sai dai bai yi boko ba. A watan Fabrairun 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, ya kai riɗinsa kasuwar Shuwarin. Wani mai saye ya ce masa babu tsabar kuɗi sai taransifa. Ba a jima ba wayar Kawu ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Turanci. Ya miƙa wa wani yaro ya duba, yaron ya ga adadin kuɗin ya cika, ya ce alat ya shigo. Aka loda buhuna aka tafi. Sai washegari a wurin mai POS ya gane cewa saƙon na bogi ne, ko sisi bai shiga asusunsa ba. Da na je yi masa jaje bai zagi ɓarawon ba. Wayar ya ɗaga ya nuna mini, ya ce, "Dakta, ku da kuka yi karatun abin nan, me ya sa tana ɗaukar maganata ta kai wa kowa, amma ita ba ta yi mini magana da bakin da nake ji?"

A ranar haƙuri kawai na ba shi. Sai da ɗalibata ta yi tambayarta na fahimci cewa tambaya ɗaya suka yi mini su biyun. Kuma batun ya wuce buhunan riɗi. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba takin zamani ta hanyar saƙon waya. A zaɓen 2015 na'urar tantance katin zaɓe ta shigo, a 2021 kuma BVAS. Taki da ƙuri'a da kuɗi duk yanzu ta tafin hannu suke bi. Wanda na'urar ba ta jin harshensa, dole ya riƙa aron idon wani, wanda kuwa ke rayuwa da aron ido kullum yana hannun mai ba shi aro.

A zama na gaba na koma wa labarin Palm, amma ta wata fuska. Mutumin da ya ƙago ta, Jeff Hawkins, kafin a haɗa ko waya guda a cikinta, guntun katako ya sassaƙa daidai aljihun rigarsa. Ya yi ta yawo da shi, idan an ce masa a haɗu gobe sai ya fito da katakon ya yi kamar yana duba jadawalinsa. Da haka ya gane abin da mutum ke buƙata da abin da zai zame masa kaya. Newton ta faɗi, Palm ta karɓu, domin ɗaya ta faro daga abin da injiniya zai iya, ɗayar kuma daga abin da hannu ke so. Na tambayi ajin ko sun san wani katako da aka sassaƙa daidai hannun mai riƙe shi. Wani ya ce, "Allo, Malam." Haka ne. Ƙarnuka muka yi muna riƙe da allo: ba ya neman caji, ana wanke shi a sake rubutu, idan ya tsage masassaƙin unguwa zai gyara, kuma da harafin da mai shi ya sani ake rubuta shi. Ba ina cewa allo kwamfuta ba ne. Ina cewa kakanninmu sun san yadda ake auna hannu.

Idan ana maganar makomar wannan na'ura a manyan tarukan duniya, abin da za ka ji shi ne waya mai naɗewa, da tabarau mai nuna bayanai, da 5G wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2022, da ƙirƙirarriyar basira. Duk suna tafe, wasu ma sun iso. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma namu yoyon uku ne.

Na farko wuta. Batirin da ke cikin wayoyinmu irin wanda Sony ya fara sayarwa ne a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ya inganta, amma ba ya ninkuwa duk shekara biyu kamar ƙwaƙwalwar na'ura, kuma zafin bazararmu da ke haura digiri 40 yana rage masa kwana. Na'urar da za ta amfani Jahun da Buji ita ce wadda ta san za ta kwana biyu ba caji, ta kuma iya aiki inda sabis ya ɗauke.

Na biyu gyara. Wayoyin zamani manne su ake yi da gam, har batir ba ya cirewa sai da wahala. Mutumin da ya sayar da akuya ya sayi waya ba zai yar da ita don gilashi ya fashe ba. Ya kamata sassan injiniya na jami'o'inmu su buɗe ƙofa ga masu gyaran waya, su koya musu, su kuma koya daga gare su.

Na uku, kuma mafi girma, harshe. A Indiya, tun 2019, kamfanin Paytm ya fito da wani ɗan akwati da ake ajiyewa a shago, wanda da zarar kuɗi sun shiga asusu yake faɗin adadinsu da ƙarfi a harshen mai shagon. Da Kawu yana da irinsa da Hausa, da riɗinsa bai tafi a banza ba. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma jin magana ya fi karanta rubutu wuya. Harshenmu yana bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ba ma nuna su a rubutu, ga kuma bambancin Kananci da Haɗejanci da Sakkwatanci. Na'ura ba za ta koyi wannan ba sai an ciyar da ita muryoyi masu yawa, kuma babu wanda zai tattara muryar matar Gwaram idan ba 'ya'yanta ba. Sai dai ban ɓoye wa ɗalibaina haɗarin ba: basirar da za ta yi wa Kawu magana da Hausa ita ce kuma ke iya kwaikwayon muryata ta kira shi ta nemi kuɗi. Mai yaudara ma ɗalibi ne, kuma ba ya fashin aji.

Saboda haka na sauya aikin zangon. Maimakon takarda a kan tarihin kamfanonin waje, na tura su kasuwannin Shuwarin da Dutse su zauna su kalli hannun mutane. Abin da suka dawo da shi ya fi duk abin da na koya musu. Sun ga dattijon da ke gane lambar ɗansa da alkaluma uku na ƙarshe. Sun ga matar da ke ajiye sunaye da hoton fure ko na mota domin ba ta karanta harafi. Sun ga mutane masu yawa suna faɗa wa mai POS lambarsu ta sirri da baki, jama'a na ji. Ɗalibar nan ta Birnin Kudu da abokan aikinta suka sassaƙa katako mai maɓalli uku kacal: ɗaya ya faɗi abin da ke asusu, ɗaya ya faɗi kuɗin da suka shigo yanzu, ɗaya ya kira wanda aka amince da shi.

Ban san ko katakon zai taɓa zama na'ura ba. Hakan na buƙatar jari da haɗin kan bankuna da hukumomin da ke kula da su, kuma ba ɗaya daga ciki da ke hannun malamin jami'a. Abin da ke hannuna shi ne in daina yaye ɗaliban da suka san shekarar da aka yi Newton amma ba su san yadda mahaifiyarsu ke riƙe waya ba.

Ranar wata Juma'a na kai wa Kawu katakon. Ya juya shi, ya gwada shi a aljihun rigarsa, ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ka gaya wa yaran su ƙara wa na tsakiya girma. Hannun manomi ba irin naku ba ne." Na rubuta maganar a takarda, da ita zan buɗe zaman farko na zango mai zuwa.