Na Tafi Neman Teku a Goronyo

Wata rana ina koya wa 'yan aji shida labarin ƙasa, muka zo kan tsibirin Bioko, wanda dā ake kira Fernando Po. Na gaya musu dutse mai aman wuta ne ya haifi tsibirin daga ƙarƙashin teku, ƙwanƙolinsa kuwa ya fi mita 3,000. Masu hali sukan tafi hutu irin waɗannan wurare, su taka baƙin yashi a bakin ruwa. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka taɓa ganin teku?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "Ashe mu dai ba mu da kome sai rana da ƙura." Maganan nan ta dame ni ƙwarai.

Albashin malami ba ya kai mutum tsibiri. Da aka ba mu hutu sai na nufi gabashin Sakkwato. Na kwana a Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Kashegari na wuce Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, inda kuma aka binne shi a 1837. Daga kan tudun garin ana hangen fadamar Rima shimfiɗe, kore shar.

A Goronyo na tsaya bakin madatsar ruwan da aka gama ginawa a 1984. Ruwa iya ganin ido, ga masunta cikin kwale-kwale, ga manoman albasa da tafarnuwa suna ban ruwa. Ruwan nan arziki ne, amma abin tsoro ne kuma, gama ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da gidaje masu yawa.

Abin mamaki kuwa yana ƙarƙashin ƙafa. Masana sun ce shekara wajen miliyan 70 da suka wuce, teku ne ya rufe ƙasan nan duka. A cikin duwatsun yankin aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai dogon baki kamar na kada. A 1972 masanan Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Har farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina, tekun nan ne ya bar mana ita.

Na tsinci wani ɗan dutse mai shaidar bawon katantanwa, na kawo aji. Yaron nan ya juya shi a tafin hannunsa, ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Malam, ashe teku ya riga mu zuwa gida."

Ya ku iyaye da malamai, kada mu bar yaranmu su rena ƙasarsu. Mai niyyar zuwa dai ya fara tambayar mutanen gari lafiyar hanya, gama 'yan bindiga sun addabi yankin a shekarun nan. Allah ya kawo mana zaman lafiya.