Kama Da Wane Ba Ta Wane

Bayan sallar La'asar ne Gwaggo ta shigo gidanmu a Mando ba ko sallama, mayafinta a karkace, waya a hannu. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai ne ɗan jarida, duba mini wannan." Hoton wata motar haya ce ƙurmus a gefen titi, an rubuta a ƙasansa cewa yanzun nan aka tare ta a hanyar Birnin Gwari, ba wanda ya tsira. Ɗanta na fari direba ne, kuma da safiyar ranar ya ɗauki fasinja daga tashar Mando ya nufi wannan hanya. Ta kira lambarsa ya fi sau goma ba ta shiga. Ko a wannan hali ba ta ambaci sunansa ba, "yaron nan" kawai take cewa.

Na tura hoton zuwa kwamfutata, na saka shi a TinEye da Google Lens. Cikin 'yan daƙiƙu sai ga shi ya fito a wani shafin labarai na wata ƙasa a gabashin Afirka, an wallafa shi shekaru da dama kafin ranar. Wanda ya yaɗo shi ya datse gefensa, ya dushe launinsa, amma injin ya gane shi. Na ce, "Gwaggo, wannan motar ba a ƙasar nan ta ƙone ba." Ta zauna a kan tabarma tana salati. Yaron nan kuwa sai bayan Isha'i ya kira, ashe wurin da yake ne babu sabis.

Tun ranar nake tambayar kaina yadda na'urar da ba ta san mota ba, ba ta san wuta ba, ta zaƙulo hoto ɗaya daga cikin biliyoyi.

A wurin kwamfuta hoto jerin ɗigo ne, kowane ɗigo da lambar da ke nuna haskensa da launinsa. Da ɗigo da ɗigo za ta riƙa gwadawa, da ƙaramin datsa ko sauyin haske ya isa ya ɓatar da ita. Don haka masana suka nemi abin da ba ya saurin sauyawa, suka same shi a gefe, wato layin da haske ke sauyawa farat ɗaya, kamar inda rufin mota ya rabu da sararin sama. A 1986 John Canny ya wallafa hanyar tsamo irin waɗannan layuka, wadda ake amfani da ita har yau. Ana fara lallausa hoton don kawar da ƙura, a auna inda haske ya fi saurin sauyawa, sannan a sirance layin ya koma kamar zanen fensir.

Daga nan sai a mayar da layukan lissafi. A ma'aunin MPEG-7 akwai wata dabara mai sauƙin fahimta: a raba hoto gida 16, a kowane gida a ƙirga gefuna iri 5, na tsaye, na kwance, na karkace ta dama, na karkace ta hagu, da wanda bai da alkibla. Ka ga an sami lambobi 80 ke nan, su ne shaidar hoton. Siffa ma tana da nata lissafin. Tun 1962 Ming-Kuei Hu ya fitar da lambobi 7 da ba sa sauyawa ko an juya abu, ko an ƙara girmansa, ko an gusar da shi. Duk hoton da ya shiga rumbu ana ajiye shaidarsa. Idan ka kawo naka, sai a fitar da tasa, a jero maka waɗanda lambobinsu suka fi kusa. Kamfanin IBM ya nuna irin wannan bincike a tsarinsa na QBIC a tsakiyar shekarun 1990, TinEye ya fito a 2008, Google kuma ya buɗe nasa a 2011. Injinan yau sun fi haka zurfi domin da kansu suke koyo daga ɗimbin hotuna, amma abin da matakinsu na farko ke koya shi ne gano gefe.

Mu ma haka muke gani. Duk sanda na wuce Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Mando nakan tuna David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda a 1959 suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsi sai sun ga layi a wata alkibla takamaimai. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. Bahaushe ma shaida ne: Dagin Arewa ko a jikin bango, ko a kan hula, ko fari ko shuɗi, da siffarsa ake gane shi. Makiyayi yana hango saniyarsa a cikin garken ɗari ta lanƙwasar ƙaho.

A aikin jarida wannan dabara ta taɓa tsayar da gaskiya a gaban hukuma. A 2018 wani bidiyo ya yaɗu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu, gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ne. Sashen binciken BBC Africa Eye da abokan aikinsa suka zana layin tsaunin da ke bayan mutanen, suka gwada shi da taswirar Google Earth, ya dace da wani wuri kusa da Zelevet a arewacin Kamaru. Daga baya aka gurfanar da sojojin a kotu.

Sai dai kada mu ɗora wa na'ura abin da ba nata ba. Kama take aunawa, hukunci kuwa na mai bincike ne. A ranar Gwaggo, ƙarƙashin hoton gaskiya injin ya jero mini wasu motoci ƙonannu masu yawa, duk sun yi kama, ba ɗaya da ke da alaƙa da shi. Sai da na duba lanƙwasar ƙofar da ta ɓalle da wata bishiya a bayan motar kafin na buɗe baki. Haka kuma abin da ba a zuba a rumbu ba ba ya fitowa. Hoton da ya zagaya a WhatsApp kawai, ko wanda ƙirƙirarriyar basira ta haɗa jiya, ba shi da tsohon sawun da za a bi. Rashin samun hoto a bincike bai tabbatar da sahihancinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne da hoton ya kasance sabo, da ba ni da abin da zan gaya wa Gwaggo sai haƙuri. Mutanen Mando sun san dalilin da ya sa ake saurin yarda da irin wannan hoto, domin a nan kusa, a Afaka, aka sace ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021. Wanda ya ga haka ba ya buƙatar dogon bayani kafin gabansa ya faɗi, kuma masu yaɗa ƙarya sun san da wannan.

Yanzu duk hoton da ya shigo zauren WhatsApp na danginmu, Gwaggo ce ke fara cewa kada kowa ya tura shi gaba sai an duba. Ta sa jikarta ta koya mata inda ake dannawa.