Me Za Mu Nuna Wa Baƙo?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma akwai abin da ido kan saba da shi har ya daina ganinsa. Wannan shi ne abin da ya same mu a Ƙafin Maiyaki, kuma don kada ya sami wani daga cikin 'yan'uwanmu marubuta muka ga ya dace mu ba da labarin, ko da kuwa akwai abin kunya a cikinsa.

Asalin maganar shi ne, wata shekara mun je Ikko taron marubuta, inda Allah Ya haɗa jininmu da wani marubuci Bayarabe mutumin Badagiri, wanda ya yi bautar ƙasa a Arewa har Hausa ta zauna a bakinsa. Da aka watse sai ya ce ba za mu koma gida ba sai mun ga garinsu. Ya kai mu bakin teku, ya nuna mana tsohon benen 'yan mishan wanda aka gama a 1845, da ɗakunan da aka adana sarƙoƙin bayi, sannan muka haye ruwa zuwa Gberefu inda ake loda bayi a jirage, tafiyar da ba a dawowa. Kashegari kuma ya kai mu Lekki, gidan baje kolin zane-zane na Nike, inda muka yi ta hawa bene bayan bene, ko'ina zane ne da sassaƙa da rinannen tufafi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, duk abin da muka nuna da yatsa akwai sunan mai aikin a jikinsa, kuma akwai mai yi mana bayani.

Bayan kamar shekara guda sai ga shi ya zo ramuwar ziyara. Da aka ci abinci aka huta, sai ya dube mu ya ce, "To Malam, me za ka nuna mini a garinku?" Mai karatu, wallahi ba mu yi wata-wata ba muka ce, "Ai nan ƙauye ne, babu komai. Gobe mu shiga Kano." A ranmu mun riga mun tsara: Gidan Makama, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, sai marinar Ƙofar Mata, mu ƙare da kasuwar Kurmi. A ganinmu a lokacin, abin kallo sai birni, kamar yadda ruwan kallo sai teku.

To, da yake bawa na nasa Allah na nasa, da gari ya waye sai motar da muka aro ta ƙi tashi, makaniki ya ce sai an sayo wani ƙarfe daga Kano. Don kada baƙo ya gaji da zama, sai muka ce ya zo mu gaida Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ita ce babba a gidan yanzu. Mun shiga ɗakin nan ya fi sau dubu, amma ba mu taɓa tsayawa mun dubi bangonsa ba. Shi kuwa yana sallama ya durƙusa ya yi gaisuwa, da ya ɗaga kai sai ya yi shiru. Jeren Gwaggo ne tun na aurenta: tasoshi da kwalla da fanteka an ɗora su bisa juna daga babba zuwa ƙarama, faya-fayai masu launi an kafa su a bango, can sama kuma ƙorai guda bakwai masu zane, sun yi jawur saboda tsufa da hayaƙi.

Ya ce, "Mama, wa ya yi wannan zanen?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, kai ma da tambaya kake. Wani mutum ne a bakin kasuwa, da wuƙa yake yi, ya sa ta a wuta ta yi ja sannan ya bi jikin ƙwaryar da ita. Ka ga wannan ƙadangare ne, wannan kuma sawun kaza. Wannan ta gefe uwata ce ta ba ni, ta fashe sau biyu gyartai ya ɗinke ta."

Ya tambayi sunan mai zanen. Gwaggo ta yi ta laluben sunan a ranta, daga bisani ta ce ya ɓace mata, mutumin ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma ba wanda ya gaji sana'ar, tun da roba ta cika kasuwa. Sai ta juyo kanmu ta ce, "Ai da ka zo kafin wannan ya rushe zauren Malam, da ka ga zane."

A nan ne gabanmu ya faɗi. Zauren kakanmu soro ne na tubali da azara, an shafe shi da makuba, yana da zankwaye a kusurwoyinsa, a saman ƙofarsa kuma magini ya fitar da dagi da wasu zane-zane masu murɗe-murɗe tun ƙasar tana ɗanya. Mu ne da hannunmu, shekarar da muka fara ɗaukar albashi mai ɗan kauri, muka biya aka ture shi, aka yi na bulo da kwanon rufi, muna alfahari mun fitar da gida kunya. Gaskiya ne soron yana zuba duk damina, kuma yaɓen kowace shekara ya fi ƙarfin tsofaffi. Amma ko hoto ɗaya ba mu ɗauka ba, ba mu tambayi sunan maginin ba, ba mu rubuta ko layi guda a kansa ba, alhali a shekarar muna tsakiyar rubuta littafin da tauraronsa ke zaune a wani gidan bene a Landan wanda ba mu taɓa gani ba.

Daga wannan rana tafiya Kano ta sha ruwa. Da yamma muka zaga gari da ƙafa, baƙo yana tsayawa a inda ba mu taɓa tsayawa ba. Ya tsaya gun wani alaramma mai rubuta allon zayyana, wanda ake yi wa yaro in ya sauke Alƙur'ani, ya ga yadda ake haɗa launuka ba tare da ma'auni ba. Ya tsaya gun maɗinki mai aikin aska takwas a wuyan babbar riga. A bakin titin Kano zuwa Zariya kuwa ya ƙi tafiya, yana ta karanta bayan manyan motoci, da zakuna da dawakai da furannin da aka zana musu. Ya ce da mu, a garinsu an tara zane a gida ɗaya ana zuwa kallo, mu kuwa namu a warwatse yake a ɗakin tsofaffi da jikin riga da bayan mota, shi ya sa muka ce babu.

Da mota ta gyaru sai muka nufi Tiga. Wannan madatsar ruwa an gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma faɗin tafkinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 178. Daga nan ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatir ke fitowa, ko da yake mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun daɗe suna kukan ruwan da ke isa gare su ya ragu. Muka zauna a bakin ruwa kusa da otal ɗin Rock Castle da aka ɗora a kan dutse, muna kallon masunta suna dawowa da kwalekwale, mata suna soya kifi, rana tana faɗuwa a bayan ruwa. Mutumin da aka haifa a bakin teku ya ce bai taɓa tsammanin zai ga ruwa haka a ƙasar Kano ba. A hanya muka nuna masa Bagauda, ta ƙasar Bebeji, wadda madatsarta ta ɓalle a watan Agusta na 1988, otal ɗinta da aka sani a dā kuma ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Kashegari muka bi ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, wanda a dā ake kira gandun Kogin Kano. Ba mu tsaya a ciki ba, domin shekarun da ɓarayin shanu suka addabi dajin, har sojoji suka mai da wani ɓangarensa filin atisaye a 2017, ba su gushe daga zukatan direbobi ba. Muka dangana da Riruwai ta ƙasar Doguwa, garin duwatsu da tsofaffin ramukan haƙar kuza, inda iska ke da sanyi kamar ba a Kano kake ba. Duk wannan yana cikin abin da muka kira "babu komai".

To, 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ga inda maganar ta shafe mu. In muka duba yawancin littattafanmu, masoya in za su shaƙata sai Dubai ko bakin tekun Ikko, ɗakin amarya kuwa ba a siffanta shi sai da kujerun ƙasar waje. Ba mu ce laifi ne ba, mai alƙalami yana da ikon kai mutanensa inda ya so. Amma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tukwane take ginawa irin na ƙauyensu, abin da ya raba ta da mai zanen ƙoran Gwaggo shi ne an sami waɗanda suka rubuta sunanta. Gina gidan adana kayan fasaha a Kiru ko Tudun Wada aikin hukuma ne da masu hali, kuma muna roƙon a yi, ko da ɗaki ɗaya ne a sakatariya ko a wata makaranta. Rubuta suna kuwa aikinmu ne, ba ya bukatar kwangila.

Mu dai tun bayan tafiyar baƙon muka sayi littafin rubutu mai bango mai kauri. Duk mai sana'ar hannu da muka samu a yankinmu, mukan zauna da shi mu rubuta sunansa da na wanda ya koya masa da sunayen zanen da yake yi, mu ɗauki hoton aikin da waya in ya yarda. Shafin farko mun bar shi fari, don maginin zauren kakanmu, ko Allah zai sa wani tsoho ya tuna da sunansa. Gwaggo kuwa ta ce ƙwaryar da gyartai ya ɗinke tamu ce in ta kau, da sharaɗin kada mu kai ta Kano.

Allah Ya ba mu ikon ganin abin da ke gabanmu tun bai ɓace ba, amin.