Fitilun Maƙera a Daren Hunturu

Wanda ya fito daga tsakiyar garin Kaduna ya nufi kudu, in ya wuce filin wasa na Ahmadu Bello sai ya hau gada. Ƙarƙashinsa Kogin Kaduna ne, a ƙetare kuwa ƙasar Maƙera ce. Da saukowa daga gadar zai iske babbar tashar jirgin ƙasa, inda hanyar dogo ta Ikko zuwa Kano ta gamu da wadda ta fito daga Fatakwal. Daga shataletalen tasha sai hanyar Kachiya ta miƙe, ta bi ta Kakuri, ta wuce Telebijin da Sabon Tasha. A Maƙera ne kuma hedkwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ta ke.

Sunan unguwar yana tuna wa mutum wuta, gama maƙera ita ce wurin aikin maƙeri, inda zugazugi ke hura gawayi. Amma wutar da ta fi damun mutanen Maƙera yau ita ce ta lantarki, da abin da mutum zai kama sa'ad da aka ɗauke ta. Ba kuwa lokacin da wannan magana ta fi nauyi kamar cikin hunturu.

Daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu iska tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da farar ƙura. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele ta ke tasowa, can cikin ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe. Ita ce hazon da ke rufe rana, ta kwanta bisa kwanon gidaje da ganyen mangwaro. A watan Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, dare kuwa ya fi awa 12. Da asuba sanyi ya kan sauka ƙasa da digiri 15. Duhun ya yi tsawo, ga sanyi, ga hazo ya dushe taurari. A irin daren nan ne a ke sanin fitilar kirki.

Zamanin jiniya

Tsofaffin unguwar sun san darajar tocila tun da daɗewa. A 1957 ne masaƙar Kaduna Textiles ta soma aiki a Kakuri. Bayanta aka buɗe Nortex, da United Nigerian Textiles, da Arewa Textiles, sa'an nan a 1975 kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci. Dubban ma'aikata daga kowane sashi na ƙasa suka kama ɗakunan haya a Maƙera da Kakuri da Nasarawa. Masaƙun suna aiki dare da rana. In jiniya ta yi kuka, waɗansu su fito, waɗansu su shiga. Mai aikin dare ba ya rabuwa da abu biyu cikin hunturu: rigar sanyi, da tocila mai jikin ƙarfe wadda ta ke cin manyan batura biyu ko uku. A gida kuwa uwargida ta riga ta wanke ƙwan fitila, ta gyara lagwani, ta zuba kananzir tun da sauran rana.

Yanzu yawancin masaƙun sun yi shiru. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe ƙofa a 2007. Amma masu fita cikin duhu ba su ƙare ba. Akwai masu gadi, da masu aikin jinya a asibitocin Kakuri, da mata masu suyar ƙosai tun kafin gari ya waye, da iyalan da ke komowa gida daga sujadar daren 31 ga Disamba bayan sha biyun dare, suna lalube tsakanin kwatami da ramukan hanya.

Ga wani abin mamaki. Ruwan nan da ke wucewa ƙarƙashin gada shi ne ya ke gangarawa har madatsar Shiroro a jihar Neja, wadda aka buɗe a 1990, ya juya injunan da za su iya ba da megawat 600. Daga can manyan wayoyi su ke kawo wutar zuwa tashar Mando a arewacin Kaduna. Duk da haka a watan Oktoba na 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro, kuma layin da ya fito daga Enugu ta Makurdi zuwa Jos ya katse, yawancin jihohin arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A shekarar nan babban layin wuta na ƙasa duka ya faɗi fiye da sau goma. An kafa NEPA a 1972, an sāke mata suna a 2005, daga baya aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, amma har yau in ƙwai ya mutu sai ka ji yara suna cewa, "NEPA ta ɗauke!"

Yawo bayan magariba

In ka bi hanyar Kachiya da ƙafa a daren da babu wuta, za ka ga tarihin fitila duka a jere. Mai tsire yana da dogon ƙwai fari da ya haɗa da batirin mota. Mai shayi ya rataye fitilar caji a jikin ƙusa. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa tana nan da aci-bal-bal, harshen wutar yana rawa cikin iska. Kantin magani ya ta da janareto. Masu wucewa kuwa kusan kowa da hasken wayarsa ya ke duba gabansa.

Ranar Litinin, a kasuwar Kakuri, tociloli suna nan jibge a kan tabarma, ja da kore da shuɗi, galibi daga ƙasar Sin, tare da batura masu tambarin kan damisa. Tocilar yau ta fi ta iyayenmu haske nesa ba kusa ba. Tsohon ƙwai mai siririn zaren waya ya kan ɓatar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin batir wajen yin zafi kawai. Sabon ƙwai fari da a ke kira LED ba ya cin batir haka. Ya samu ne daga aikin waɗansu masana uku haifaffun Japan, watau Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2014. Amma fa kyawun ƙwai ba shi ne amincin tocila ba. Mai saye ya kan gwada ta a kasuwa da rana tsaka, ta haska, ya kai ta gida ya jefa a aljihun tebur. Ranar da a ke bukata sai ta ƙi kamawa.

Abin da ke kashe tocila

Mutane da yawa suna ɗora wa sanyi laifi. Gaskiya ne sanyi yana rage ƙarfin batir, domin wutar da ke cikinsa daga aikin waɗansu magunguna ta ke fitowa, sanyi kuwa yana sa aikin ya yi nawa. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, kamar Kanada da Rasha, batir na yau da kullum ya kan gaza da wuri, har matafiya su kan ɓoye shi cikin aljihun ƙirji domin ɗumin jiki. Amma sanyin Kaduna bai kai can ba. Ko a Jos, inda ya fi tsanani, da wuya ruwa ya daskare. In tocila ta dushe da asuba, ɗumama batirin a tafin hannu ya kan farfaɗo da ita kaɗan, amma wannan alama ce cewa batirin ya riga ya kusa ƙarewa.

Manyan masu laifi a wurinmu uku ne. Na fari ƙura ce. Tana shiga makunni, ta kwanta a kan ƙarfen da batir ke taɓawa, sai ka ga mutum yana bugun tocila a tafin hannu kafin ta kama. Na biyu shi ne batirin da aka manta a ciki. Batir mai araha in ya ƙare ya kan yi yoyo, ya bar wani farin gari kamar kanwa, ya cinye sifirin da ke gindin tocila. Na uku ya shafi fitilar caji. Yawancin masu arahar suna da ƙaramin batirin darma a ciki, irin na mota. In aka bar shi babu caji wata da watanni, sai ya daina riƙe wuta, ko an kwana ana yi masa caji.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Gidan da ya ke da fitilar caji uku da waya huɗu, a gaskiya fitila ɗaya gare shi, gama dukansu daga bango ɗaya su ke sha. In duhu ya kai kwana uku, tare za su mutu. Abin da ya faru ke nan a gidaje da yawa a 2024, har mutane suka riƙa bin layi a shagunan masu caji. Wayar da aka ƙarar da ita wajen haska ɗaki kuwa, ita ce za a nema in ciwo ya tashi da tsakar dare.

Haɗarin da ya fi duhu

Sa'ad da tocila ta ƙi, sai hannu ya kai ga ashana. A nan ne rai ke shiga haɗari. Cikin hunturu kome ya bushe, an rufe taga saboda sanyi, ga bargo, ga labule, ga katifar soso. Kyandir da aka kafa a kan tebur ko bisa rediyo, barci ya ɗauke mai shi, ya isa ya cinye ɗaki cikin minti kaɗan. A gidajen haya irin na Maƙera, inda ɗakuna goma su ke ƙarƙashin rufi ɗaya, gobarar ɗaki guda ta kowa ce.

Kananzir ma ba kullum ya ke da aminci ba. A farkon 2001, a jihar Edo, kananzir da ya gauraya da fetur ya riƙa fashewa cikin fitilu da risho, mutane da dama suka mutu, waɗansu suka ƙone. Kada a ƙara wa fitila mai tana ci, kada kuma a sayi kananzir mai warin fetur. Mu malaman makaranta mun san yaron da ya yi aikin gida a hasken aci-bal-bal: da safe za ka ga baƙi a hancinsa, yana tari. Hayaƙin nan cikin huhunsa ya kwana.

Mafi muni shi ne hayaƙin janareto da na gawayi. A cikinsa akwai wata iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mai barci ba ya jin shigarta. Ba mu kaɗai ta ke yi wa ɓarna ba. A Fabrairu 2021 sanyi mai tsanani ya katse wutar gidaje fiye da miliyan 4 a jihar Teksas ta Amurka. Mutane fiye da 200 suka mutu, waɗansunsu kuwa wannan iska ce ta kashe su, domin sun kunna janareto ko gawayi ko mota cikin rufaffen wuri don neman ɗumi. Saboda haka janareto ya zauna a waje, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarawo. Kaskon wuta kuma a fitar da shi kafin a kwanta.

Fitila uku, rijiya uku

Ya ku masu karatu, ga abin da daren Maƙera ke koyarwa. Kowane gida ya tanadi haske iri uku, kowanne da inda ya ke samun ƙarfinsa. Ta fari, tocila mai cin batir, da sababbin batura a ajiye dabam cikin leda, a wuri mai inuwa. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, gama tsohon zai ja sabon ƙasa, ya kuma yi yoyo. Ta biyu, fitilar caji, a yi mata caji duk lokacin da aka kawo wuta, ko ba a yi aiki da ita ba. Ta uku, ƙaramar fitilar sola. Sai dai a tuna hazo yana rage ƙarfin rana, ƙura kuma tana rufe farantin, don haka a share shi da tsumma kowace safiya. Fitilar ƙwai ta zama ta ƙarshe, a rataye ta inda yaro ba zai kai ba. Waya kuwa a bar mata cajinta domin kira.

Tocila ta sami mazauni guda wanda kowa ya sani, har ƙaramin yaro ya iya kai hannu gare ta ido rufe. Tsoho ko marar lafiya a ba shi tasa a gefen gado, domin faɗuwa a hanyar bayan gida ta karya ƙugun tsofaffi da yawa. A ba ɗaya daga cikin yara aikin gwada fitilun gida kowace Asabar. Ya buɗe, ya goge ƙarfen da busasshen tsumma, ya kunna, ya faɗa wa baba wadda ta dushe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ga iska ta juya a watan Nuwamba, leɓe ya soma tsagewa, to ya sauko da fitilun gidansa tun da rana ya gwada su ɗaya ɗaya. In ya gama, ya leƙa ɗakin tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, ya ce, "Mama, kawo taki ma in duba."